Kuskuren Da Aka Buga Sau Miliyan: Tarihin Takardar Yankan Ɗinki

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar ɗinki za mu yi. Na san wasu samarin har sun ɗaga yatsa za su wuce, to ku dakata, rigar da ke jikinku ma tana cikin zancen.

Akwai wata aba da masu koyon ɗinki a makarantu ke kira fatan, ni kuwa takardar yanka zan riƙa ce mata. Takarda ce da aka fitar da siffar kowane ɓangare na tufa a kanta: ga gaba, ga baya, ga hannu, ga wuya. Sai ki shimfiɗa ta a kan yadi, ki kafe da fil, ki bi gefenta da almakashi. Kamfanoni ne ke yin ta su sayar, a cikin ambulan da hoton rigar a baya, yanzu kuma har ta intanet ake saukewa. Tambayata a yau guda ɗaya ce: idan ita takardar ce ta zo da kuskure, wa yake ɗaukar laifin? Shekara ɗari da sittin ke nan ana wannan sana'a, kuma kusan kullum amsar ɗaya ce, wadda ta sayi takardar ita ke zargin kanta. Ko ta ce hannunta ne bai faɗa ba, ko ta ce jikinta ne ba daidai ba.

Bari mu fara da 1851, don shekarar ta haɗa abu biyu. A cikinta Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka fi sani da Abdulkarim, ya shigo Kano ya ga yadda saƙa da rini da ɗinki suka riƙe garin, har kayan Kano na kai wa Timbuktu da Tarabulus. A cikinta kuma wani Ba'amurke, Isaac Singer, ya yi rajistar keken ɗinkinsa. Ɗinkin da Barth ya tarar bai buƙatar takarda. Babbar riga daga ƙyallayen saƙi masu tsawo ake haɗa ta, layi bayan layi, a auna da kamu da taƙi. Riga ce mai yalwa, idan an samu bambancin yatsa biyu ba wanda zai sani. Matan Turai da Amurka na lokacin kuwa riga suke sawa wadda ta kama jiki tsam daga kafaɗa zuwa ƙugu, da lanƙwasa da tsuke-tsuke ko'ina. A irin wannan ɗinki, inci guda ya isa ya hana mace numfashi ko ya sa rigar ta yi buhu.

To keke ya shiga gidaje, musamman bayan da kamfanin Singer ya fara sayar da shi biya kaɗan-kaɗan a 1856. Amma keke ɗinki kawai ya iya. Yanka fa? Duk telan da ke saurarena ya san inda gizo ke saƙa ke nan. Ɗinki idan ya karkace a farke, yanka idan ya karkace sai dai a yi Innalillahi. Mace a ƙauyen Amurka a wancan zamani, idan tana son sabuwar riga, sai ta farke tsohuwa ta kwafa, ko ta ɗauki ɗan ƙaramin zane daga mujalla ta yi ta fama da lissafin yadda za ta faɗaɗa shi.

Wadda ta fara cin kasuwar wannan matsala sosai ita ce Ellen Curtis Demorest a birnin New York. Ta riƙa yin takardun yanka da wata takarda shara-shara mai arha, ta kuma buɗe mujalla a 1860 don tallata su. Abin da ya sa nake girmama matar nan, a lokacin da bauta ba ta ma ƙare a Amurka ba, ta ɗauki mata baƙaƙe aiki tare da farare, a ɗaki ɗaya, albashi ɗaya. Sai dai takardunta na farko awo ɗaya ne. Ki saya, idan jikinki ya zo daidai da na matar da aka yi wa, Allah ya taimake ki. Idan bai zo ba, ki san yadda za ki yi.

Sai 1863, a wani ƙaramin gari mai suna Sterling a jihar Massachusetts, wani tela, Ebenezer Butterick, da matarsa Ellen suka fito da dabarar da ta canja komai: tufa ɗaya, a yi mata takarda lamba-lamba, daga ƙarami zuwa babba. Da kwali suka fara, suka ga ba ya naɗuwa balle a aika ta gidan waya, suka koma takarda shara-shara. Da kayan maza da yara maza suka soma, na mata sai 1866. Kafin ka ce kwabo sun koma New York suna sayar da miliyoyi a shekara. Wani tela ɗan Sikotilan, James McCall, ya buɗe nasa a 1870. Mujallar Vogue ta shigo a 1899, Simplicity kuma a 1927. Waɗannan huɗun su ne manyan gidan har yau.

Yanzu ku kula da wannan, don shi ne kuskure na farko. Takardun farko babu rubutu a jikinsu ko ɗigo. Ba suna, ba layi, ba kibiya. Ki buɗe ambulan ki tarar da tarkacen takardu fiye da goma, farare fat, sai 'yan huji-huji da 'yar tsaga a gefe. Manyan huji uku a jere na nufin wani abu, ƙanana biyu na nufin wani, ga na wajen ninki, ga na wajen tsukewa, ga na inda zaren yadi ya dosa. Kuma ma'anar hujin ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wani ya bar miki rarar ɗinki a gefe, wato abin da telolinmu ke kira alawus, wani bai bari ba sai ke ki ƙara. Idan kin saba da wancan kika sayi wannan, kin yanka riga da ta matse ta ko'ina, ba tare da kin yi kuskuren komai ba.

Yadda ake yin su ma akwai magana. Takarda ake jibgawa ɗaruruwa a kan juna, a ɗora samfuri a sama, a bi da wuƙar inji a yanke gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa yanka yadi ninki da yawa ya san abin da ke faruwa: na sama daidai, na ƙasa ya zame. Wuƙa ta ɗan kwanta, takarda ta ɗan goce. Mata biyu su sayi lamba ɗaya a kanti ɗaya, su koma gida da abu biyu. Kada ku raina ɗan gocewar nan. A ce gefen takardar gaba ya ƙaru da kwatan inci, na baya ma haka. Takardar rabin jiki ce, a kan yadi mai ninki biyu ake yanka ta, saboda haka gefe huɗu ke nan. Kwata sau huɗu, inci guda cur. Ga kuma hannun riga da ya kamata ya zauna cikin hammata, shi an yanke shi a wani jibgin daban da nasa gocewar.

Kamfanin McCall ne ya fara magance wannan, wajen 1920, da ya fara buga layin yanka da tawada a kan takardar, ya bar farin gefe a waje, ke da kanki za ki bi layin. Idan an buga layi, na farko da na dubu duk ɗaya ne. Amma da yake sun yi rajistar dabarar, sauran kamfanoni ba su da ikon yi sai da wa'adin ya ƙare a ƙarshen shekarun 1930, wasu ma ba su yi gaggawa ba, Vogue sai tsakiyar shekarun 1950 ta bar huji. Ku duba fa, an san maganin, amma mata sun ƙara shekara talatin suna karatun huji saboda rajista da tsadar injin bugu. Butterick su kuma ta wajen bayani suka ɓullo. Wata ma'aikaciyarsu, Hannah Millard, ta tsara takardar umarni mai zane mataki-mataki, suka raɗa mata Deltor, daga farko da ƙarshen sunan mujallarsu Delineator.

Sai dai bugu ma takobi ne mai kaifi biyu. Idan mai zane ya manta wata tsaga, ko ya sa wa wuya lambar da ba tasa ba, ko ya rubuta a yanka ɗaya inda ake buƙatar biyu, to injin ba ya tambaya. Zai buga kuskuren daidai wa daida, sau dubu ɗari, a rarraba shi kantuna. Tela idan ya ɓata, rigar mutum ɗaya ya ɓata, kuma mai rigar ya san shagonsa. Kamfani idan ya ɓata, kowace mace tana ɗakinta ita kaɗai da fitila, ba ta san akwai dubbai irinta da ke farke wannan hannun rigar a daren ba.

Duk waɗannan ƙananan kurakurai ne. Babban yana can ƙasa, kuma shi ne ya sa na ɗauko batun.

Jikin wa aka auna?

Awon maza ya samu tushe tun yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da aka ɗinka wa sojoji kaki da yawan gaske, aka lura cewa idan ka san faɗin ƙirjin namiji za ka iya cankar sauran. Sai aka ɗauko wannan tunani aka ɗora wa mata: a auna ƙirji, a lissafo ƙugu da kwankwaso daga gare shi. Na 'yan mata kuma da shekaru aka yi, lamba 16 wai ta 'yar shekara goma sha shida ce. Kowane kamfani da nasa lissafin, kuma ba wanda ya fita ya auna matan da ake yi dominsu. Zato ne aka buga a takarda, ya zama doka.

Wadda ta ce a daina zato ita ce Ruth O'Brien, masaniyar kimiyyar haɗa sinadarai da ke shugabantar sashen tufafi a wani ofishi ƙarƙashin ma'aikatar noma ta Amurka. Ta fara da yara, aka auna kusan 147,000, aka gano shekaru ba sa faɗin girman yaro yadda ake tsammani. Abin da kowace uwa ta sani ke nan, amma sai da aka kashe kuɗi aka tabbatar. Daga nan, a 1939 zuwa 1940, ita da wani masanin ƙididdiga, William Shelton, suka jagoranci awon mata kusan 15,000, kowace aka ɗauki awo 59 a jikinta. Kuɗin aikin daga shirin samar wa marasa aiki abin yi na gwamnatin Roosevelt ya fito. Aka buga sakamakon a 1941.

Aiki ne babba, ba na raina shi. Amma ku ji yadda aka yi. Matan da suka zo 'yan sa-kai ne da ake ba ɗan abin hasafi, a ƙarshen shekarun matsin tattalin arziki, saboda haka da yawansu talakawa ne. Na biyu kuma, wanda ya fi tsaya mini a rai: farare kaɗai aka ƙirga. Idan baƙar mace ta zo cikin rukuni, umarnin da aka ba masu awo shi ne a auna ta don kada ranta ya ɓaci, daga baya a ware takardarta a ajiye gefe. Ta tuɓe, ta tsaya, an zagaya ta da tef sau hamsin da wani abu, ta tafi gida tana ganin an sa da ita. Ƙasar da ke da miliyoyin mata baƙaƙe, da yawansu ma da ɗinki da wanki suke ci, ta fitar da awon macen Amurka babu su a ciki.

Duk da haka, abin da binciken ya gano bai yi wa 'yan kasuwa daɗi ba. Ya nuna faɗin ƙirji ba ya faɗin sauran jiki, tsawo da nauyi sun fi shi. To wace ce za ta shiga kanti ta faɗi nauyinta? Wane kanti ne zai ajiye sikeli? Aka share. Bayan yaƙin duniya na biyu, 'yan kasuwar da ke sayar da kaya ta gidan waya, waɗanda kayan da ake dawo musu da su suka ishe su, suka roƙi hukumar ma'aunai ta ƙasa ta sake duba alƙaluman. Aka ƙara da awon matan da suka yi aikin soja, wato matasa masu ƙoshin lafiya da aka riga aka tace, aka fitar da ma'aunin ƙasa a 1958, aka kuma koma kan ƙirji dai. A 1970 aka sabunta shi a matsayin na ganin dama, a 1983 aka janye shi gaba ɗaya.

Akwai wani labari a gefe da ba zan iya wucewa ba. A 1943 wani likitan mata, Robert Dickinson, da wani masassaƙi, Abram Belskie, suka ɗauki irin waɗannan alƙaluma suka sassaƙa mutum-mutumin mace matsakaiciya, suka sa mata suna Norma. Aka kai ta gidan adana kayan kiwon lafiya na birnin Cleveland. A 1945 wata jaridar garin ta sa gasa: a nemo macen da jikinta ya yi daidai da Norma. Mata kusan 3,900 suka aiko da awonsu. Awo tara ake dubawa. Ba a samu ko ɗaya da ta dace a duka taran ba, waɗanda suka dace a biyar ma ba su kai arba'in ba. Aka dai ba wata mai karɓar kuɗi a gidan sinima, Martha Skidmore, kyautar don ita ta fi kusa. Kun san abin da masu sharhi da yawa suka ce? Ba su ce Norma ƙarya ce ba. Cewa suka yi matan Amurka ba su da siffa, su tashi su motsa jiki.

A 1950 rundunar sojan saman Amurka ta yi irin wannan da maza. Wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya ɗauki awon matuƙa jirgi 4,063, ya duba nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a awo goma. Babu ko ɗaya. Su sojoji da yake rai ne a ciki, jirgi na faɗuwa, sai suka tilasta wa masu ƙera jirage su yi kujera mai matsawa gaba da baya. Aka gyara kujera ta dace da mutum. Mata kuwa aka ce su gyara jiki ya dace da riga.

Mu dawo kan takarda. Kamfanonin yanka sun kafa kwamitinsu na awo don su daidaita lambobi a tsakaninsu, suka kuma canja su fiye da sau ɗaya. Ɗauki lamba 14. Kafin 1956 ƙirji inci 32 take nufi. Daga 1956 ta koma 34. Daga 1968 ta koma 36, kuma a nan ta tsaya har yau, in ban da ɗan gyaran ƙugu a farkon shekarun 1970. Su kuwa masu ɗinkakkun kaya na kanti ba su tsaya ba, suka yi ta rage lamba don mai saye ta ji daɗi. Shi ya sa wadda ke sa lamba 8 a kanti, ko a gwanjo in a nan ne, za ta iya zama 14 a takarda. Duk wadda ta sayi takarda da lambar rigarta ta kanti, ta yi asarar yadi tun kafin ta ɗauki almakashi.

Jikin da suke zana wa ma ɗaya ne: mace mai tsawon ƙafa biyar da inci biyar zuwa shida, wadda cikar ƙirjinta ta fi saman ƙirjin da inci biyu kacal, ƙugu siriri, kwankwaso ya fi ƙirji da inci biyu. Daga lamba ɗaya ta tsakiya ake faɗaɗawa sama a rage ƙasa, da ƙa'ida ɗaya. Amma mutum ba haka yake ƙiba ba. Wadda ta ƙara jiki, kafaɗarta ba ta faɗaɗa daidai da cikinta ba, hannunta bai ƙara tsawo ba. Shi ya sa manyan lambobi ke fitowa da wuya kamar bakin rijiya da kafaɗa tana zubowa. Da aka yi awon zamani da na'urar ɗaukar hoton jiki a Amurka a farkon shekarun 2000, masu bincike a wata jami'ar jihar North Carolina suka duba mata fiye da 6,000, suka samu kusan takwas cikin ɗari ne kawai ke da wannan siffar da ake zana wa. A can ma ke nan, balle a Kano ko Maraɗi.

Jamus ta bi tata hanyar. Aenne Burda ta fara mujallarta a 1950, daga 1952 kuma ta riƙa saka babbar takarda guda a ciki, an buga takardun riguna da yawa a kan juna, layi ja, layi kore, layi baƙi, kamar taswirar da aljani ya zana. Ki nemo layinki ki kwafa. Kuma babu alawus, ke za ki ƙara, alhali na Amurka sun saba barin biyar bisa takwas na inci, wato santimita ɗaya da rabi. Duk da wahalar, mata sun so ta, har ta zama mujallar Yamma ta farko da aka buga a Tarayyar Sobiyat a 1987.

To yaya matan suka yi da duk wannan? Nan ne ɓangaren da ya fi burge ni, don ba kamfani ne ya cece su ba. Dabaru suka ƙirƙiro suka koya wa juna. Kafin a taɓa yadi, a auna ita takardar da tef a gwada da awon jiki. A ɗora gefen da za a haɗa a kan ɗan'uwansa, a bi shi a hankali daga sama har ƙasa, a ga ko tsawonsu ɗaya, a ga ko tsaga ta faɗa kan tsaga. A kafe takardar da fil a gwada ta a jiki. Idan yadin mai tsada ne, a fara ɗinka gwaji da akoko, a yi duk ɓarnar a can. Mai cikar ƙirji ta zaɓi lamba da awon saman ƙirjinta don kafaɗa ta zauna, sannan ta tsaga takardar ta buɗe ta inda ake buƙata ta liƙa ƙyalle. Har gwamnati sai da ta shigo: a 1945 ma'aikatar noman nan ta buga ɗan littafi sukutum kan yadda ake gyaran takardar yanka. Ku tsaya ku yi tunani, kaya ne aka sayar maka, sannan hukuma ta buga littafin yadda za ka gyara shi da kanka. Masu tara tsofaffin takardu kuma har yau suna samun rubutun fensir a bayan ambulan, wata ta rubuta wa kanta ko 'yarta cewa hannun ya yi tsawo, a rage. Jami'ar Rhode Island na da rumbun irin waɗannan takardu dubbai, wanda marigayiya Joy Emery ta daɗe tana kula da shi.

Intanet ce ta fara juya laifin zuwa inda ya dace. A 2001 wata mata, Deepika Prakash, ta buɗe shafin PatternReview, inda mai ɗinki za ta sa hoton abin da ta ɗinka ta faɗi matsalar da ta samu. Sai ga mata goma daga ƙasashe daban-daban duk sun ce wuyan riga kaza bai haɗu ba. Shi ke nan, ta tabbata ba hannun kowa ba ne. Ƙananan kamfanonin da suka taso bayan nan suka koyi ba wasu takardar su gwada kafin a sayar, suna kuma ajiye shafin gyare-gyare. Sai dai in faɗi gaskiya, masu gwajin nan galibi ba biyansu ake ba, da yadinsu da zarensu da lokacinsu, ladansu takarda kyauta. Manyan huɗun kuwa haɗiye juna suka yi ta yi, Butterick ta ɗauki takardun Vogue a 1961, McCall ta saye su biyun a 2001, kafin 2017 ta ƙare duk suna hannun kamfani ɗaya, kamfanin da ke riƙe da su daga baya kuma ya shiga kotun fatara a Amurka a 2025.

Yanzu ina muka shigo? Yawancin telolinmu ba sa amfani da takardar kamfani. Tef ne da alli, a auna mutum a zana kai tsaye a kan yadi. Wasu na ganin wannan ci baya ne. Ni ban yarda ba. Abin da attajiran Turai ke biyan kuɗi mai yawa su samu ke nan, ɗinkin da aka yi wa jikinka kai kaɗai. Matsalar telanmu alkawarin Sallah ne da wutar lantarki, wannan kuma shirin wata rana ne.

Amma abin na canjawa. Matasa da yawa, musamman 'yan mata, suna koyon ɗinki ta YouTube, suna sayen takarda ta intanet da dala, suna son su ɗinka dozin-dozin su sayar a Instagram. Duk wadda za ta ɗinka wa wadda ba ta gani ba, dole ta yi lamba, dole ta yi takarda. A nan wani sabon kuskure yake jiranta a shagon buga takardu. Amurkawa takardarsu ta ofis faɗinta milimita 216, tamu ta A4 kuwa 210. Idan yaron shago ya bar kwamfuta ta daidaita zanen da shafi, sai ta rage shi da kusan uku cikin ɗari, wani lokaci fiye. A ido ba za ki gani ba. A ƙirji mai santimita ɗari, santimita uku sun tafi. Shi ya sa ake saka ɗan murabba'i a shafin farko, an rubuta girmansa. Ki ce a buga wannan shafin kaɗai a kan ɗari bisa ɗari, ki sa tef ki auna a gabansa, sannan a buga sauran. Atamfa yadi shida a farashin Kantin Kwari na yanzu ba abin gwaji ba ce.

Abin da ke ba ni haushi shi ne shirye-shiryen tallafin matasa. A tara yara, a raba keke, a ɗauki hoto, a watse. Wata uku na koyon taka keke, babu mako guda na koyon fitar da takarda daga awo, babu na faɗaɗa ta lamba-lamba. Wanda bai iya wannan ba, har abada ɗinkin mutum ɗaya-ɗaya zai yi, ko ya dogara da takardar da aka zana wa jikanyar Norma.

Ga kuma abin da ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Ruth O'Brien sai da gwamnati ta ɗauki ma'aikata aka bi jihohi kafin ta samu awon mata 15,000. Mu kuwa kowane shagon tela akwai littafin awo, irin na makaranta mai bango ja ko shuɗi, cike da tsawo da kafaɗa da hannu da ƙirji da ƙugu na mutanen unguwa. Tela ɗaya a Fagge ko Tudun Wada zai iya cika littafi biyu a azumi guda. Idan ya cika, a jefa ƙarƙashin tebur, ɓera ya ci, ko mai ƙosai ta samu na naɗi. Awon ba iri ɗaya ake ɗauka ba, gaskiya ne, wani a kan riga yake aunawa, wani ya riga ya ƙara alawus a ciki. Kuma sirrin mutane ne, sai an cire suna da lambar waya, sai da yardar masu shi. Amma ɗaliban ƙididdiga nawa ne a jami'o'inmu ke neman abin da za su rubuta a kai a shekarar ƙarshe?

Telolin da ke bin wannan shafi, maza da mata, ina da tambaya biyu gare ku, ku amsa a ƙasa. Awo nawa kuke ɗauka idan za ku yi wa mace doguwar riga, kuma littattafan awonku na shekara biyar baya, suna nan ko sun tafi?